Takardar Odar da Na Je Nema a Faransa

Ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar na safiyar Litinin abubuwa suka fara lalacewa. Na san lokacin ne don akwai agogo a bango, saman kan ɗan sandan da ke duba fasfo a filin jirgin Paris, kuma agogon nake kallo saboda ba na iya kallon idon mutum in yana yi mini tambaya.

Tun da na dawo Yamai, duk wadda ta shigo ɗakinmu sai ta ce, "Balkisa, ya Faransa?" ni kuma in ce lafiya lau. Ƙawata Mariyama ta ce wannan ba amsar wadda ta yi kwana goma sha uku a Turai ba ce. Kun san ba na iya labari da baki. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowace ta karanta, a bar ni in huta.

Ga waɗanda ba ƴan sashen tarihi ba, bari in faɗi abin da ya kai ni. Memuwar ɗina ta mastar, wato kundin kammala digiri na biyu, a kan yadda sojojin Jamus suka ci Faransa ne a 1940, cikin ƴan makonni. Babi na ɗaya da na biyu ba su da rigima. Faransawa sun zuba ido ta wajen Beljiyam, sai Jamusawa suka ratso da tankoki ta dajin Ardennes, inda aka ɗauka manyan motoci ba za su wuce da sauri ba. Ba su rarraba tankokin ko'ina ba. Sun tara su wuri guda suka huda, suka yi gaba ba tare da jiran na baya ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne al'adarsu ta ba da umarni. Babba yakan faɗa wa na ƙasa abin da ake so a samu, ya bar masa yadda zai yi. Kamar Inna ta ce miki a yi tuwo kafin magariba ta yi ficewarta, ba ta ce ga tukunyar da za ki ɗora ba.

Babi na uku ne matsalar. A watan Yuni na shekarar, arewa da Lyon, bayan wasu sojojin Faransa sun miƙa wuya, Jamusawa sun ware baƙaƙen fata daga cikinsu, ƴan Afirka ta Yamma irinmu, suka kashe su. Na rubuta abin da ya faru, amma ban faɗi wanda ya ba da umarnin ba, don ban sani ba. Malam Mamman, mai duba aikina, ya ja layi da jan bik, wato biro, daga saman shafi har ƙasa. Shi irin mutanen nan ne da in abu ya yi ƙwari sai su ce aikin Jamus ne.

"Sojan Jamus ba ya ɗaga ƙafa sai da oda," in ji shi. "Ina takardar? Ki kawo ta, ko ki cire babin. In kuwa kin cire, aikin bai kai ba, sai baɗi."

Wato in ban dawo da takardar ba, ba zan kare memuwar bana ba. Da na sami tallafin tafiyar bincike, na tsara kwanakin a kaye, littafina na rubutu, awa bayan awa. Layin farko: Litinin, ƙarfe goma, ɗakin karatu na gidan ajiyar takardun soja da ke gefen Paris. Tun wata biyu kafin tafiya na kama wurin zama, na kuma zaɓi akwatunan da za a fito mini da su.

Mu koma wurin ɗan sandan. Ya ce me na zo yi, na ce bincike. Ya ce a kan me. An riga an gaya mini in faɗi gaskiya kuma in taƙaita. Rabin farko kawai na riƙe.

"Dabarun yaƙin sojojin Jamus," na ce.

Ya ɗago kai. Na ɗauka bai gane ba, sai na buɗe jaka na fito da taswirar da na zana da hannuna, na shimfiɗa masa. Kibiyoyi ja suna gangarowa daga arewa, duk gada na zagaye ta da kore, ga Paris can ƙasa da tauraro a kanta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira wata abokiyar aikinsa.

Ba su wulaƙanta ni ba, har ruwa suka ba ni. Amma na yi fiye da awa biyu a wani ɗaki mai kujeru a jere, suna karanta wasiƙar gayyata, suna buga waya. Da suka gama, matar ta naɗe taswirar da kyau ta miƙo mini.

"Zanen ya yi kyau," ta ce. "Wani karon ki ce tarihi kawai."

Daga nan sai kwastan. Ƙofa biyu ce, kore ga wanda ba shi da abin nunawa, ja ga mai shi. Na karanta allon har ƙarshe, na ga nama yana ciki, na bi ta ja. Kilishin da Inna ta sa aka yi musamman don masu masaukina, suka karɓe shi duka. Zogale da kuka da yaji suka shinshina suka bar mini. Na fito ƙarfe sha ɗaya saura minti goma. Randebu ɗina, lokacin da aka ba ni a gidan takardun, ya wuce.

Tanti Rabi, ƙawar Inna tun Damagaram, tana tsaye a bakin fita tun bakwai. Ta rungume ni, muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi jakar.

"Ina kilishina?"

Na faɗa mata.

"Wa ya aike ki ƙofar ja? Sun kira ki?"

"A'a, Tanti. A rubuce yake."

"A rubuce yake! Shekara goma sha ɗaya ina wucewa ta nan, ban taɓa sanin akwai rubutu ba. Wallahi ke ɗiyar babanki ce. Mu je."

Gidansu a hawa na huɗu yake, kudu da Paris. Mijinta Malam Sani yana aikin sauke kayan lambu a babbar kasuwar Rungis, aikin dare, don haka da rana barci yake yi. Gidan shiru kamar an yi rasuwa. Ba turmi, ba rediyo. In Tanti za ta markaɗa tattasai, sai ta kai injin banɗaki ta lulluɓe shi da tawul. Ni wannan shirun ya yi mini daɗi, amma ban faɗa ba. Da la'asar Malam Sani ya tashi, ya ji labarin taswira, ya yi dariya har yana riƙe bango. Daga ranar Janar yake kirana.

Abinci bai ba ni wahala ba, don Tanti ta yi dambu da kuskus da zogalen da na kawo. Tumatirinsu manya ne, ja wur, amma ba ɗanɗano. Wata rana Malam Sani ya kawo wani cuku mai wari, na toshe hanci.

"Ki ci, Janar," ya ce. "Daddawarsu ce. In suka shiga kicin ɗin Rabi su ma haka suke yi."

Na ci. Ban ƙara ba.

Gaisuwa ce na kasa sabawa da rashinta. A na'urar hawa bene na gai da wata mata, na tambaye ta gajiya da iyali. Ta dube ni ta ce mun san juna ne? A tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuwa akwai matakala mai tafiya da kanta, kuma ashe gefen hagu na masu gudu ne. Na tsaya a hagu. Wani mutum a bayana ya hura iska ta baki kawai. Haka suke faɗa a can.

Washegari na je gidan takardun. An mai da akwatunana tunda ban zo ba, kuma babu wurin zama sai Alhamis. Kwana uku sun tafi ke nan. Ranar Alhamis na riga mai gadi zuwa. Ba a shiga da jaka, ba a shiga da ruwa, bik ɗina mai kala huɗu ma a kabad na bar shi. Fensir kawai. Akwatuna kaɗan ake ba mutum a yini.

Amma da na kwance zaren akwatin farko na manta da komai. Takardun sun yi rawaya, wasu da shatin kofi. A nan na ga da idona abin da na sani a littafi. Kumandan na Faransa yana jiran oda a rubuce, layin waya ya katse, mai babur ya tafi bai dawo ba. Oda ta iso cewa a tsare gada, alhali tun safe abokan gaba sun haye ta. Na kuma sami rahotannin hafsoshin Faransa da suka tsira, suna faɗin yadda aka ce farare su koma gefe ɗaya, baƙaƙe gefe ɗaya. Na kwafe su duka da fensir. Takardar oda kuwa babu.

Akwai wata dattijuwa mai furfura da ke kula da ɗakin, tabarau rataye a wuyanta. Kwana huɗu tana ganina ina buɗe akwati ina rufewa. Ranar Talata ta sunkuyo ta ce me nake nema haka. Na rubuta mata a takarda, don ba a magana da ƙarfi a wurin, ni kuma hakan ya fi mini sauƙi.

"Ƴata, kina neman takardar Jamus a akwatin Faransa," ta ce a hankali. "Tasu tana ƙasarsu. Kina jin Jamusanci?"

Ba na ji. Na sa rai ne ko an kama wani kwafi an fassara.

Ta ce akwai wani tsoho a Lyon, Mushe Lusiyan, da ya koyar da Jamusanci a lise, makarantar sakandare, har ya yi ritaya. Duk hutu yakan tafi Jamus ya karanta littattafan da rundunoninsu ke rubuta abin da ya faru kullum. In takardar tana nan, shi ya gan ta. Ta ba ni adireshin saƙonsa. Na rubuta masa cewa ni ɗaliba ce daga Nijar, ina nazarin dabarun yaƙin Jamus, ina roƙon ganinsa. Ban sa ainihin tambayar ba, don a ganina bai dace a jefa wa babba buƙata tun kafin a ga fuskarsa ba. Ya amsa da layi biyu: Alhamis, ƙarfe uku, rabin awa, don yana saurin gajiya.

Laraba na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Awa biyu ne, kowa da lambar kujerarsa, ba mai magana. Na tuna motar Yamai zuwa Damagaram, inda kafin a kai Doso kin san ciwon kowa da sunan jikokinsa. Da na buɗe dabinon da Tanti ta ƙulla mini, na kasa ci ni kaɗai, na miƙa wa mutumin da ke kusa da ni. Ya firgita. Sannan ya ɗauki ɗaya, ya riƙe shi a hannu har Lyon.

Wadda ta tarye ni Anti Rifkatu ce, ƴar Jos, Kirista, ƙawar Tanti Rabi. A shagon sayar da kayan miyar gida suka haɗu shekarun baya. Tana aiki a ɗakin gwaji na wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, tana zaune a Rillieux-la-Pape, unguwar dogayen benaye masu kama da juna. Tun daga nesa ta ɗaga murya.

"Ke ce ƴar yaƙin? Kai! Na ɗauka zan ga ƙatuwa. Wannan ko kaza ba za ta yanka ba. Kawo jakar, ƙanwata."

Kafin in tambaya ta shimfiɗa mini darduma, ta nemo alƙibla a wayarta. Ta dafa gwate, ta ce in ci in ji abincin mutanen dutse. Duk maganar da na yi sai ta kama wata kalma. In na ce lakwal ta ce makaranta, in na ce kaye ta ce me ke nan kuma. "Ku ƴan Nijar Faransawa sun gama da ku." Na ce su ma ai Ingilishi bai bar su ba. Ta ce ashe ina da baki.

Na rubuta tambayata a ɗan kati, da Faransanci mai tsabta, na gyara ta sau uku. Ranar Alhamis ƙarfe uku saura kwata ina ƙofar benen. Na jira uku ta cika na danna ƙararrawa.

Mushe Lusiyan dogo ne, ya ranƙwafa, yana dogara sanda. Littattafai har kan kujeru. Ya kawar da wasu na zauna, ya ba ni shayi. Na fara gaisuwa yadda aka koya mini. Na ce yaya jiki.

A gida amsar kalma biyu ce. Shi kuwa sai ya ajiye kofi ya ba ni labarin gwiwarsa, tun daga ranar da ya faɗi a kan ƙanƙara har likita na uku. Na ce Allah ya sawwaƙe, yaya iyali. Ya ce matarsa ta rasu shekara biyu ke nan, ɗansa yana Kanada, yakan kira ranar Lahadi in ya tuna. Ya tashi ya ɗauko hotonta. Ya ce rabon da wani ya tambaye shi haka har ya manta. Na dubi agogon bango. Minti goma sha huɗu sun tafi.

Sai ya tafa hannu ya ce to, dabarun yaƙi. Ya shiga bayanin dajin Ardennes, da rediyon da ke cikin tankoki, da yadda hafsan Jamus ke tafiya a gaba yana yanke shawara nan take, na Faransa kuma yana baya yana jiran takarda. Ya yi amfani da cokula da murfin sukari a kan tebur. Bayani ne mai kyau, amma duk na san shi, shi ne babi na biyu. Katin yana cikin tafin hannuna. Ban katse shi ba. Ban taɓa katse babba yana magana ba.

Kuma gaskiya ban damu sosai ba, don na san inda ake faɗin buƙata. Duk wanda ya zo wurin Baba da magana, sai ya sha ruwa, an yi hira, ya yi sallama. Baba ya sa takalmi ya raka shi. A can bakin hanya, sun rage su biyu, sai baƙon ya ce dama wata ƴar magana ce ta kawo ni. Haka na ga ana yi tun ina ƙarama. Na ce a raina, in mun sauka ƙasa zan faɗa.

Uku da rabi daidai ya miƙe. Ya buɗe ƙofa, ya ce ya ji daɗin zuwana ƙwarai, Allah ya ba da sa'a. Na fita. Ƙofar ta rufe.

Na tsaya a wurin. Na ɗauka ya koma ɗauko takalmi ne da hula. Ina tsaye har fitilar matakalar ta mutu da kanta, don tasu ba ta daɗewa a kunne. Na lalubi maɓallin na kunna, na ƙara jira. Ta sake mutuwa. Daga ciki na ji ya kunna rediyo.

Da Anti Rifkatu ta dawo daga aiki na ba ta labari. Ta zauna a kan hannun kujera, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Tsaya. Kin je, kin sha shayi, kin ji labarin gwiwa, kin dawo?"

"Ina jiran rakiya ne, Anti."

"Rakiya! A Lyon? Ƙanwata, nan ko uwarsu ce ta zo, a bakin ƙofa ake sallamarta. Ni ranar da na je neman aiki, kafin in zauna na faɗi abin da nake so. Ki koma."

"Ba randebu."

"To ki rubuta masa."

Na rubuta, wannan karon da tambayar a layin farko. Ba amsa. Juma'a na yini a gida ina duba waya. Don in rage damuwa na wanke mata kicin, na goge tagogi, na jera kwalaben yajinta bisa tsawo. Ta dawo ta ce in ƙara faɗuwa wani randebun ko labulenta ma sa sami wanki. Amsa dai babu. Jirgin ƙasata na komawa Paris Asabar ne ƙarfe biyar, jirgin sama Lahadi.

Asabar da safe ta ce ba zan bar Lyon ba sai na ga mutanen da nake rubutu a kansu. Ta tuƙa mu zuwa wani ƙauye, Chasselay, cikin gonaki. Can sai ga katanga ja, mai tsinaye a kusurwoyi, kamar an ɗauko ginin ƙasa daga wajenmu an ajiye a tsakiyar Faransa. Maƙabartarsu ce. Kaburbura a jere, tsaf. Wasu da suna, irin sunayen da muke ji kullum. Da yawa an rubuta ba a san shi ba. Ba kowa a wurin sai mu biyu. Na karanta Fatiha, ita ta sunkuyar da kai ta yi tata addu'ar. Na daɗe ina rubuta waɗannan mutane a matsayin babi na uku. Ban taɓa tsayawa a kansu ba.

A mota ba ta yi mini tsiya ba, karo na farko. Da muka shigo gari na ce ta sauke ni a titin tsohon.

"Ba randebu fa," ta ce.

"Na sani."

"In zo in yi miki magana?"

"A'a, Anti. Ki jira ni a mota."

Ƙarfe ɗaya da rabi ne. Titin cike da mutane, akwai masu cin abinci a teburan waje, dab da ƙofar. Na danna ƙararrawa. Muryarsa ta fito ta ɗan ramin magana, ya ce wane ne. Na faɗi sunana, ya ce bai ji ba. Dole na ɗaga murya. Ban gaishe shi ba. Har yanzu in na tuna sai in ji kunya, amma ban gaishe shi ba. Na sa bakina a jikin ƙarfen na karanta katin da ƙarfi.

"Mushe, wa ya ba sojojin Jamus odar kashe fursunoni baƙaƙe a watan Yuni na 1940? Ina takardar take?"

Masu cin abinci suka juyo. Wata mata ta tsaya da cokali a hannu. Na ɗauka ya tafi. Sai ƙofar ta yi ƙara ta buɗe.

Na same shi tsaye a bakin ɗakinsa.

"Wannan ce tambayarki? Me ya hana ki faɗa ranar Alhamis? Na ɓata miki lokaci da cokula!"

Na ce na aiko saƙo. Ya ce ranar Talata kawai yake buɗe kwamfutarsa. Na ce ranar Alhamis ina jira ne ya raka ni ƙasa, a can ake faɗin buƙata a wurinmu.

"Hawa uku? Da wannan gwiwar?" Ya girgiza kai. "Shigo."

Ya sa na jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Kaye uku ne a ciki, masu baƙin bango, rubutu ƙanana kamar nawa. Ya ce duk littafin runduna da ya karanta a Jamus yana ciki, da lambar akwatinsa, da abin da ya samu a kowane. Ya ce in ɗauki hoton kowane shafi, in malamina yana shakka ya bi lambobin ya duba da kansa, kuma in sa sunansa a aikin, ya yarda. Na durƙusa a ƙasa ina ɗauka, shafi bayan shafi, ina duba kowane hoto ko ya fito. Shi yana zaune yana kallona. Wajen ƙarfe uku na gama. Tunda Jamusanci ne rabin rubutun, ban gane inda abin yake ba.

"Mushe, a wane shafi odar take? Ita malamina ya ce in kawo."

Ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa.

"Babu ita, ƴata. Na neme ta tun gashina yana baƙi, ban gan ta ba, ban kuma san wanda ya gan ta ba. Ki duba kaye na biyu in kin je gida. A mako ɗaya, a yanki ɗaya, wannan runduna ta kashe, waccan ta tara nata fursunonin ta tura su sansani da ransu. Da oda ce daga sama, da duka sun yi. An daɗe ana cika musu kunne cewa baƙin soja ba mutum ba ne, sannan aka bar wa kowane hafsa ya yi abin da ya ga ya dace, yadda suka saba. Wannan shi ne babinki. Ki gaya wa malaminki ba wanda ya tilasta musu. Su suka zaɓa."